Bangon Gabas na Ɗakin Saba

Ranar da aka zo awon ɗakin saba ba za ta taɓa fita daga raina ba. Amma gaskiya fargabata ta riga ranar zuwa. Tun da na koma aiki bayan haihuwar Ummi, kullum da ita nake zuwa a bayana, kuma kullum ina jiran wanda zai ce mini, "Uwani, ofis ba wurin raino ba ne."

Ni mai shara ce a wani ofishin rajistar manoma da ke kan hanyar Bici zuwa Makoda. Aikina na wucin gadi ne, babu takarda. A shekarun nan da hatsi ya yi tsada har masu gona suka koma awo da gwangwani, maigidana ya tafi cin rani, surukata kuwa idonta ya yi rauni, ba ta iya riƙon jaririya. Abin da ya rufa mini asiri shi ne wani ɗan sito a ƙarshen baranda, inda nake ajiye tsintsiya da bokiti. Nan nake shimfiɗa wa Ummi tabarma, in jawo ƙofa, in yi shara da kunne ɗaya a wajenta.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, saba ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da sunayen manoma da girman gonakinsu. Duk sauran kwamfutocin a haɗe suke da ita ta waya. Ɗakinta bai kai banɗakin gidan birni ba. In Malam Ado, wanda ke kula da ita, ya shiga, sai ya karkace kafin ya rufe ƙofa. Ni ma ba na sharewa sai yana tsaye a kaina.

Da bazara ta shigo aka ce za a ƙara kwamfutoci a zauren rajista, domin a gama da manoma kafin rabon taki. Layi kan kai har bakin titi, tsofaffi na zaune a rana tun hantsi. Ƙarin kwamfuta kuwa yana bukatar sabon akwatin da wayoyi za su haɗu, da batura na sola, saboda man janareta ya gagara. Shugabanmu, Alhaji Sakatare, ya ce maganar gina sabon ɗaki ma ba ta taso ba.

Ranar wata Talata Injiniya Bashir ya zo daga Kano da abin awonsa. Ina goge baranda ina jin su.

Malam Ado ya ce, "Wuri biyu ne kawai. Ko mu cusa su nan jikin bangon gabas, ko mu karɓi siton Uwani."

Ummi na ciki tana barci.

Injiniya ya auna bangon, ya ƙwanƙwasa shi, ya ce, "Nan ma ya isa. Batura a ƙasa, akwati a sama. Waya ba za ta yi tsawo ba. A bar wa baiwar Allah sitonta."

Na yi ajiyar zuciya. Amma ban kai ƙarshen barandar ba na ji tsumman ya yi mini nauyi a hannu. Na san bangon nan. Damina biyu na yi ina goge ruwa a gindinsa. Ruwanmu daga gabas yake bugowa, kuma indararon rufin a nan yake zuba. Bangon ba yoyo yake yi a gani ba, tsattsafowa yake yi a hankali daga ƙasa. Da kaka aka shafa masa fenti saboda zuwan baƙi, ya fito fes. Malam Ado kuwa bayan damina aka kawo shi ofishinmu, bai taɓa ganin ɗakin da ruwa ba.

In na yi shiru, sito nawa ne. In na yi magana, ni da kaina na miƙa shi, kuma za a buɗe a ga abin da ke ciki. Na wanke tsumma sau uku ba tare da ya yi datti ba. Na tuna da kawuna da ya kwana biyu yana zuwa layi. In batura suka jiƙe a tsakiyar rajista, su wa za a ce wa su koma gida?

Na je bakin ƙofa na rusuna.

"Ranka ya daɗe, bangon nan yana jiƙa da damina."

Malam Ado ya yi dariya. "To, ga babbar injiniya ta iso. Uwani, a wace jami'a?"

Na ce, "Jami'ar tsumma, Malam."

Injiniya bai yi dariya sosai ba. Ya shafa bangon ya ce, "A bushe yake, Malama."

"Yanzu a bushe yake. A ɗan jawo teburin nan."

Suka jawo. A bayansa mai fenti bai kai hannu ba. Ga layin ruwa nan ya yi baƙi, ya kai tsawon kamu ɗaya daga ƙasa. Na nuna musu ƙafafun teburin: biyun da ke jikin bango sun yi tsatsa, biyun gaba kuwa lafiya lau. Na sa yatsa na lakato farin garin da ke fitowa daga simintin, wanda nake sharewa duk mako kamar kanwa. Injiniya ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya fita ya zagaya baya ya duba indararon. Da ya dawo ya ce wa Malam Ado, "Da mun sa batura a nan, ruwan farko mai ƙarfi zai gama da su. Mu ga siton."

Ni na buɗe musu da hannuna. Ummi ta farka, ta zuba musu ido, tana tsotsar yatsa. Daidai lokacin Alhaji Sakatare ya iso. Na sunkuyar da kai ina jiran maganar da na yi wata shida ina tsoro.

Ya ce, "Yau dai na ga mai muryar. Uwani, kina zaton bangon ofishina ba ya jin kuka?"

Na ɗauki Ummi na goya ta.

Siton ya tafi, wannan babu makawa. Injiniya ya ce busasshe ne, iska na shiga, kuma yaro ba ya kwana kusa da batir. Cikin kwana huɗu suka gama. An ɗora baturan a kan ƙarfe, an kafe akwatin a sama, aka jawo waya ɗaya mai kauri ta cikin silin zuwa ɗakin saba. Daga akwatin sauran wayoyin suka rarrabu zuwa zaure, kowace da lambarta a liƙe. Mako biyu na yi ina shara da goyo, bayana kamar zai tsage, kafin Alhaji ya ce a ba ni kusurwar da mata ke salla in riƙa shimfiɗa tabarmata.

Tsintsiya da bokiti kuwa, Injiniya ne ya sama musu wuri. Ya ce, "A kai su gindin bangon gabas. Su ruwa ba ya cutar da su, kuma mai su za ta riƙa sa ido." Haka aka yanka mini mukullin ɗakin saba. Mu biyu ke da shi a duk ofishin, ni da Malam Ado.

Ruwa ya sauka sosai a mako na uku na rajista. Da safe na buɗe ɗakin, na tarar da ruwa kwance daidai inda aka so ajiye baturan. Na kira Malam Ado. Ya tsaya yana kallo, can ya ce, "Injiniya Uwani, a taimaka mana da tsumma." A zaure kuwa kwamfutoci na ta aiki, kawuna ma ranar ya karɓi takardarsa kafin azahar. Har yau sunan bai sake ni ba, kuma ba na hana kowa kira na da shi.

Abin da na koya shi ne, masu wannan aikin sun san na'urarsu, amma yini ɗaya suke zuwa su ga ɗaki. Na kirkinsu shi ne wanda zai tsuguna ya duba in an nuna masa. Ku masu kafa na'ura da kuka shigo bayanmu, roƙona ɗaya ne. Kafin ku kafa wani abu a ɗaki, ku kira mai share shi ku tambaye ta. In kuma kun ga tana jan ƙafa wajen amsawa, ku tambaye ta abin da take tsoron rasawa.