Yaya Isufu da Hatsin Rasha

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki unguwar Banikanni a Paraku ya san ba fuskar Yaya Isufu ake fara gaisarwa ba, tafin ƙafarsa ne. Yana kwance a tabarma, ƙafafu biyu a jingine da bango, sun kumbura kamar doya, yana amsa sallama daga ƙasa. Tela ne, keken ƙafa yake takawa, kuma ya sha faɗa cewa ranar da ƙafar ta ƙi, tukunya ma ta ƙi. Ni ƙanwarsa ce, ni na sha wahalarsa, don haka ku bar ni in faɗa.

Lokacin nan gwamnatinmu ta gurguzu ce, ƙawar Rasha, kowa kamarad ake ce masa, har mai kifi. Ɗan maƙwabcinmu ya dawo daga karatun likita a Mosko, ya duba ƙafar, ya ba shi ɗan buhun wani hatsi mai kusurwa uku, wai shi sarazan. Ya ce can ana cewa yana ƙarfafa ƙananan jijiyoyin jini, amma fa ya riƙa zuwa asibiti. Yaya ya riƙe rabin farko na maganar, ya bar na biyun a ƙofar gida.

Wayyo, rowa! Cokali ɗaya zan tafasa masa, ya sha ruwan, ya sa a shanya ƙwayar, gobe a maimaita. Na ce, "Yaya, wannan ai ruwan zafi kake sha."

Ya ce, "Ke Rabi, ƙananan jijiyoyi ne. Nawa za su ci?"

Da buhun ya yi rabi, sai ya ce noma shi zai yi, a gonar mijina da ke ƙauyen Pelebina, kusa da Jugu. Muka hau mota zuwa Jugu. A hanya jandarma ya tsayar da mu, ya zura hannu zai buɗe ƙullin.

"Kamarad, me ka ɓoye?"

Yaya ya ɗaga yatsa. "Bon, taɓa. Daga Mosko ya zo. Amma ka fara faɗa mini sunanka."

Wallahi mutumin nan janye hannu ya yi, har da sara mana.

Damina biyu muna shuka, ko tsinke bai fito ba. Ta farko ya ce kajina ne. Ta biyu ya sa na ɗaure kajin, na yi shinge, na ɗebo ruwa har bayana ya sankare, sai ya ce idona ne, wai na kalli kunyar shukar ba da niyya mai kyau ba. Na gaji, na je Paraku na kamo likitan da kaina. Ya murza ƙwaya ɗaya, ya shinshina, ya dafe kai.

"Baba, wannan ai soyayye ne! Can soya shi suke kafin su zuba a buhu."

Yaya ya ce, "To me ya hana su rubutawa?"

"Ga shi nan a rubuce."

"Da Rashanci? Kai, mutanen nan ba su da amana."

Kowa ya yi dariya, ban da ni. Na san sauran maganinsa ne kaf ya binne a gonarmu, kuma ƙafar ta riga ta fara tsagewa.

Bai sake taka keke ba. Amma bai rufe shago ba, taurin kai! Ni ya sa nake zama a ƙasa ina danna matakin da hannu biyu, shi yana sama yana jan yadi yana faɗa: "A hankali, Rabi, ba daka ba ne!" Haka muka yi kusan shekara. Ran nan muna cikin ɗinka wata riga ya tsaya, ya leƙo ni, ya ce, "Ƙanwata, na gajiyar da ke." Ban taɓa jin ya faɗi irin wannan ba. Na ce ya ja yadinsa, mai riga na jira. Kwana tara ya ƙara.

Allah ya jiƙan Yaya Isufu, ya yafe masa, ya ba shi lafiyayyun ƙafafun da zai tsallake siraɗi da su. Amin.