Minti Ashirin a Ƙarƙashin Tekun Hainan

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga masaukinmu da ke bayan titin Huanshi Lu a birnin Guangzhou, mu huɗu, kowa da fasfonsa a aljihun gaba, domin a watannin nan na wasannin Olamfik ba a fita ba shi. Na riga na gama sarin kayana a kasuwar Shahe, an ɗaure, amma ejan ya ce kwantena ba za ta samu ba sai bayan kwana goma. Zaman ɗaki ya ishe mu. Wani ɗalibi ɗan Katsina da ke karatun likita, wanda kan yi mana tafinta, shi ya kawo shawarar mu je tsibirin Hainan mu gwada nutso a teku. Sauran biyun su ne abokina ɗan Maraɗi da wani dattijon Alhaji mai harkar takalma a Kano.

Bas muka shiga, irin mai gadaje a madadin kujeru. Sai ka cire takalminka ka sa a leda kafin direba ya bar ka ka hau. An yi gadajen ne daidai tsawon masu ƙasar, saboda haka ɗan Maraɗi, da yake dogo ne, ya yi tafiyar a naɗe. Titin sumul yake, dama da hagu gonakin ayaba da rake da kududdufan kiwon kifi. Inda aka tsaya cin abinci ba mu amince da tukunyar kowa ba, burodi da dafaffen ƙwai muka ci. Bayan la'asar bas ɗin ya shiga cikin jirgin ruwa, aka tsallaka da mu tare da shi. Muka kwana a Haikou, washegari muka ƙarasa Sanya, can kudancin tsibirin.

A Sanya akwai unguwar Musulmi da masallatansu, nan muka sauka. Matansu na zagaya bakin teku da ɗankwali suna tallar lu'ulu'u. Mutanen tsibirin suna tauna wani ɗan itace da ke mayar da baki ja, har Alhaji ya ɗauka goro ne ya sayi ɗaya. Bai ƙarasa shi ba ya fara gumi yana neman wurin zama. Kwakwa kuwa yuwan biyar a kuɗinsu, a fasa maka ka shanye ruwan a tsaye. Kifi da jatan lande sai ka nuna wanda kake so yana motsi, sannan a gasa.

Ranar nutson, an ba mu takarda mu cike kafin mu hau kwale-kwale. Ɗalibin yana karantawa yana fassara mana, har ya zo kan tambayar ciwon zuciya da hawan jini. Duk mun san Alhaji yana da hawan jini, mun kuma san maganinsa ya ƙare tun makon da ya wuce.

"Rubuta musu meyo," in ji Alhaji, wato babu.

"Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya ba."

"Kai ne za ka nutse ko ni? Ni da na taso ina iyo a kogin Wudil?"

"Kogi daban, wannan daban, Baba. In wani abu ya same ka a ƙasa, da wane baki zan gaya wa iyalinka?"

Ya rubuta gaskiya, aka hana Alhaji shiga. Ya bi mu cikin kwale-kwalen dai, ya zauna can baya, bai sake kallon ɗalibin ba.

Aka sa mana rigar roba mai matse jiki, da tabarau, da takalma kamar ƙafar agwagwa, aka goya mana tukunyar iska mai robar shaƙa ta baki. Mai koyar da nutson da aka haɗa ni da ita wata 'yar ƙaramar mata ce, ko kafaɗata ba ta kai ba. Abu biyu ta nanata ta bakin ɗalibin: kada in riƙe numfashi, kada kuma in yi sama da gudu komai tsanani, domin huhu na iya fashewa.

Ƙasan tekun shiru yake, ba ka jin komai sai numfashinka. Na ga duwatsun murjani, wasu kamar ƙahon barewa, wasu kamar kabeji. Ƙananan kifaye masu ratsin rawaya da baƙi suna wucewa ta gaban fuskata, ba ruwansu da ni. Ɗan Maraɗi, wanda kafin tafiyar nan bai taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama, yana gefe yana yawo kamar a nan aka haife shi.

Ina waiwayarsa na bugi tabarauna da hannu. Ruwa ya cika shi, gishiri ya shiga idona da hancina. Duk abin da aka koya mini ya gudu. Na fara harbin ruwa zan yi sama, sai matar ta damƙi igiyar ƙirjina. Na tunkuɗe ta, ta sake damƙa, ta danne robar iskar a bakina da ɗaya hannun. Na yi ta kokawa har na gaji, na lura cewa duk wannan lokacin iska na shiga. A hankali ta hau da ni, tana tsayawa tana ci gaba. Da muka fito, jini kaɗan na zuba ta hancina. Ta ce wa ɗalibin ba komai ba ne, ta juya ta karɓi mutum na gaba.

Alhaji ne ya miƙo mini hannu ya ja ni cikin kwale-kwalen. Ya daɗe yana kallon yadda nake haki. Da muka isa gaɓa ya kira ɗalibin ya ce, "Likita, in mun koma ka raka ni a auna ni." Ɗalibin ya ce, "To, Baba." Ba wanda ya sake tayar da maganar.

Mun ƙara kwana biyu. Ɗan Maraɗi ya sake nutsewa sau biyu, ni kuwa na tsaya a inda ruwa ke iya gwiwa. Muka dawo Guangzhou ta hanyar da muka bi, muka iso da yamma ana yayyafi.

Shekara shida ina zirga-zirga a ƙasar nan, na saba in matsa wa lawban, wato mai shago, in ɗaga murya, in yi kamar zan fita, sai a yi yadda nake so. Na ɗauka ni mutum ne mai natsuwa. A tafiyar nan na gano ban taɓa shiga inda aka gwada ni ba ne kawai. Ranar da aka gwada ni, da an bar ni na yi abin da na ga dama, da wataƙila ba ni ne ke ba ku wannan labarin ba.