Albasar Irin Baba

Ranar wata Laraba cikin daminar 1973, shekarar da ruwa ya yi mana rowa a Toranke, ina tsugune ina wanke ƙorai sai na ji tarin ƙanena Sule ya canza. Ƙyanda ta fito masa ta kwanta, amma ta bar shi da tari, ƙirjinsa yana ƙara kamar ana jan zarto. Shekararsa uku. Inna ta saɓa shi a kafaɗa tana zagaya tsakar gida.

A gidanmu albasa ce maganin farko. Kunama ta harbe ka a gindin rumbu, a goga maka ita. Mace ta suma wajen daka, a farfasa a kai mata hanci. Mu yara kuwa lawashinta muke tsinka muna busawa a fadama, Baba yana jan jigo yana daka mana tsawa. To amma da damina albasa ɓacewa take yi. Wadda ta rage mana sai ta iri, manya jajaye da Baba ya zaɓa ya rataye a rufin zaure, inda iska ke ratsawa. Su zai dasa bayan kaka, su yi fure su ba da irin shuka. Gero ya ƙi a shekarar, fadamar nan kaɗai muke kallo. Aikina ne in hau turmi in cire wadda ta yi laushi, kuma da yawa sun riga sun ruɓe.

Iya, mahaifiyar Baba, ta kasa kunne a bayan Sule, ta ɗago ta dube ni.

"Ke, ja turmi ki sauko min da manyan."

"Iya, ta iri ce fa."

"Na sani. So kike in yi takabar mijina saboda albasa?"

Haka take kiran Sule, mijinta. Ta yayyanka siriri, ta kwarara zuma, ta rufe da faifai har ruwan ya tsattsafo, tana ɗiga masa a baki tana zolayarsa wai raggon miji ta samu. Da la'asar Baba ya dawo daga gona. Tun daga zaure ya ji warin, muka ji takunsa ya tsaya. Inna ta sunkuyar da kai. Can sai ga shi da igiyar albasar gaba ɗaya, ya durƙusa ya ajiye gaban Iya.

"In ba ta isa ba, Iya, ga sauran."

Washegari ya goya Sule a keke zuwa asibitin Gaya aka yi masa allura. Ko albasar ce, ko allurar, ko duka biyun, Allah ne masani. Sule dai ya tashi. Da rani fadamarmu rabinta fili, Baba ya yi ƙodago a gonakin mutane, ban taɓa jin ya tada maganar ba.

Yau ga tawa 'yar tana tari. Na kai ta asibiti, an ba mu magani, amma ina ta kara kunnena a bayanta. Albasa ga ta nan tuli a bakin titi, rani da damina, na ma yanka na zuba zuma. Wadda za ta yi min wasa irin na Iya tsorona ya kwanta ce babu.