Garwashin Baba Mai Faskare

Kafin motar farko ta wuce layinmu, Baba Mai Faskare ya riga ya fita. Kukan tayar baronsa ke tashe ni, don tun da na san shi tayar nan ba ta taɓa ganin mai ba. In ka yi masa magana sai ya ce da gangan ya bar ta, don malalata irina su san gari ya waye. A cikin baron akwai gatari, da zarto, da igiya, da safar hannu ƙwaya ɗaya wadda 'yar'uwarta ta ɓace tun tuni. Gefen babban titi yake bi, yana tsintar abin da iska ta karya, da rassan da masu gyaran wayar lantarki suka sassare suka watsar, da kututturen da kowa ke tsallakewa. Bai taɓa ɗora gatari a kan bishiya mai rai ba. Da hantsi zai dawo, ya zube kayan a ƙofar gida, ya tofa yawu a tafin hannu, ya shiga faskare.

Mutane da yawa sun ɗauka sana'a ce. Ba sana'a ba ce, saboda Gwaggo ne, matarsa. Ciwon asma ya kama ta tun suna da sauran ƙarfi, kuma irin ciwon nan ne mai wuyar sha'ani: sanyi ya shaƙe ta, hayaƙi ma ya shaƙe ta. In ba wuta a ɗaki numfashinta ya sarƙe, in an hura wutar ma haka. Sai Baba ya samo dabararsa. Itacen da ya saro bana, sai baɗi za a ƙona shi. Yakan jera shi ƙarƙashin wata rumfar tsohon kwano a bayan gida, ya bar shi ya shekara yana bushewa. In sanyi ya shigo, a tsakar gida yake hura wutar, ya tsuguna yana jira har harshenta ya mutu, hayaƙin ya ƙare ƙaf. Sannan ya kwashe garwashin a kasko ya kai mata, ya ɗan sassauta taga. Haka yake yi safe da yamma, tun gashin kansa yana baƙi.

Da a ce a kan Gwaggo kaɗai ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba, sai in ce miji ne ya yi abin da ya kamata. Amma ku tambayi nas ɗin da ke ƙarshen layi. Ta ce ba ta taɓa zuwa duba mai jego a lokacin sanyi ba face ta tarar da ɗaurin itace a bakin ƙofa, busasshe ƙayau, an ɗaure shi da irin ƙullin nan nasa. Ba ya sallama, ba ya jiran godiya, ajiyewa kawai yake ya wuce. Ku tambayi mai gadin makaranta, wanda ƙafafunsa ke sandarewa kafin asuba, wa ke ajiye masa itacen jin ɗumi. Mai shago kuwa cewa ya yi ya taɓa yi masa faɗa, ya ce Baba wannan rabon da kake yi ai sai ka ƙare da rumfa wayam. Baba ya yi dariya ya ce titi bai ƙare ba, kafaɗarsa ma ba ta ƙare ba.

Kai ne ka ɗumama ɗakunan da ba ka taɓa shiga ba, Baba. Kai ne motoci suka watsa wa ruwan kwata, yara masu kuɗi suka leƙo ta taga suna kiranka mai tsince-tsince, ba ka ko ɗaga kai ba. Gwarzon bakin titi, mai hannu kamar ɓawon itace. Akwai jariran da suka yi kwanansu na farko a duniya cikin ɗumin guminka, yau sun zama samari suna wuce ka ko gaisuwa babu.

To, kafaɗar ta ƙare. A farkon sanyin bana wani reshe da ya karye ya maƙale a sama ya suɓuce ya sauko masa a kafaɗar dama. Wani direba ne ya gan shi zaune cikin ciyawa, ya ɗauko shi. Likita ya ce ƙashin zai haɗe, amma shi da gatari sun yi sallama. Kuma kafin abin ya faru Baba ya riga ya raba fiye da rabin abin da ke rumfa, kamar yadda ya saba, da niyyar zai cike giɓin da matattun itatuwan da ya sani a kan hanya. 'Yarsu tilo tana aure can nesa, kuma ya hana a gaya mata.

Ba zan ce unguwa ba ta motsa ba. Matasa sun ari baron, sun fita, sun dawo da shi maƙil. Sai dai ɗanye suka saro, har ruwa yake zubarwa. Baba ya sa musu albarka, ya ce a jera masa a rumfa, zai yi amfani baɗi in Allah ya kai mu. Suka tafi suna ganin sun gama aiki. Masu busasshen kuwa, wanda shi da kansa ya kai musu ƙofa, kowa ya ja nasa ciki, wai sanyin bana ba wasa. Wallahi abin nan ya ƙona mini rai.

Makon jiya na shiga gaishe su da hantsi. Na tarar da shi a tsakar gida yana kwasar garwashi da hannun hagu, na dama yana rataye a wuya. A gefensa akwai wasu guntayen katako masu santsi, da ramin ƙusa a jikinsu. Ban kawo komai a raina ba. Na karɓi kaskon na kai ɗaki. Gwaggo tana jingine da filo a gadonta, ƙirjinta yana wannan ƙaramin fito da duk wanda ya san ta ya sani. Ɗaya gefen ɗakin, inda nasa gadon yake a da, tabarma ce shimfiɗe a kan siminti, da bargo a naɗe. Baba ya leƙo ya riga ni magana, ya ce tun da ya ji ciwo ƙasa ta fi masa daɗin kwanciya, gadon kuma ya bayar aro. Ya koma waje.

Gwaggo ta jira har takunsa ya yi nisa, sannan ta yafito ni.

"Ɗana, kada ka nuna masa na sani. Da zarto ya yanka gadon, da hannu ɗaya, ina jin sa ta taga. Yau ƙafa ta ƙarshe ce a cikin kaskon nan."

Na tambaye ta gobe fa. Ta ce ta ga yana ta kallon ƙyauren kicin.

Na fito na wuce shi a tsakar gida. Tsoho mai karyayyar kafaɗa yana kwana a kan siminti a tsakiyar sanyi, kuma damuwarsa ɗaya kada matarsa ta gane. Na koma gida na kwaso ɗan abin da nake da shi, wanda da ƙyar ya kai su yau da safe.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba kafaɗar nan lafiya, ya bar maka Gwaggo. Ku kuma da kuke karanta wannan, in kuna da tsoho irinsa a layinku, ku koyi aikinsa tun yana iya nuna muku, ku fita titi tun bana saboda baɗi. Mutanen layinmu kuwa, da ku nake. Kowa ya zaga bayan ɗakinsa ya duba. Busasshen itacen nan da kuke tattali, shi ya saro shi, kuma yau da yamma Gwaggo ba ta da garwashi. Ku ɗauko ku mayar masa, kafin ya cire ƙyauren.