Abin da Laraba Ta Faɗa da Hannu

Basira ta iya maganar hannu tun kafin ta iya ta baki. Mahaifiyarta, Kande, kurma ce tun haihuwa, saboda haka a gidansu na Tsamaye ba a ƙwala wa mutum kira daga nesa, sai dai a tako a dafa kafaɗarsa. Tun tana ƙarama ita ce bakin uwarta a kasuwa, da wurin mai niƙa, da ɗakin awo na asibiti. Idan mata suka ɓarke da gulma a gidan suna, ita ke zaɓar abin da za ta juya wa Inna da wanda za ta haɗiye.

Da ta girma ta tafi Sakkwato ta yi karatun koyar da masu buƙata ta musamman. Ta dawo da takardarta, ta shekara a gida tana sussuka da daka, aiki bai samu ba. Ana nan sai ta ji cewa wata ƙungiya mai kula da naƙasassu a Sabon Birni tana ɗaukar matasa su yi wata shida na sanin makamar aiki. Ta goge mayafinta mai kyau, ta hau babur ta tafi.

Shugaban ofishin, Malam Hafizullahi, ba mugun mutum ba ne. Mutum ne mai gaggawa, kullum waya a kunne, yana ba masu ba da tallafi haƙuri kan rahoton da bai ƙarasa ba. Da ya ji tarihinta sai ya buga tebur ya ce ai irinta suke nema tun tuni. Basira ta koma gida tana jin kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.

Wata biyu na farko ba ta yi magana da kurma ko ɗaya ba. Aikinta jera kujeru, ɗaukar hoto da wayar ofis, da kama yatsun mutane tana dangwala su a tawada don takardar halarta. Idan ta tuna wa Malam abin da ta karanta, sai ya ce ta yi haƙuri, lokacinta na zuwa.

A wata na uku aka shirya horon kwana uku a Isa, za a koya wa mata kurame ashirin haɗa sabulun ruwa. An ɗauko mai fassara daga Sakkwato, Malama Khairat, mace mai tsabta da takardar shaida. Sai dai maganar hannun da ta iya ta makaranta ce, wadda ake haɗa haruffan boko da yatsu, matan nan kuwa ba wadda ta taɓa zama a aji. Tasu maganar a gona da bakin rijiya suka koye ta. Malama na ta kaɗa yatsu, su kuma suna ta gyaɗa kai don ladabi. Basira na tsaye a gefe da waya, tana ganin ba abin da ke shiga, tana cizon leɓe.

A rana ta biyu wata daga cikinsu ta miƙa hannu tsirara za ta ɗebi soda. Basira ta yar da wayar a kan tabarma, ta riƙe mata wuyan hannu, ta nuna mata da alamun gida cewa wannan farin garin wuta ne, yana cin fata. Nan take ɗakin ya farka. Matan suka yi caa a kanta, hannuwa na tashi ta ko'ina, kowa da tambayarta. Malama Khairat da kanta ta ja baya ta ce gara Basira ta ci gaba. Amma Malam Hafizullahi ya kira Basira waje ya ce yarjejeniyarsu da masu ba da tallafi ta ce mai takardar shaidar fassara ce za ta yi aikin, kuma ita ake son gani a hoto. Ta koma ta ɗauki wayarta.

Lokacin hutun cin abinci wata mata mai suna Laraba, daga wani ƙauye kusa da Kamarawa, ta jawo ta gindin darbejiya. Labari ne ke cinta tun daminar bara, ba ta sami wanda zai fahimce ta duka ba. Ta ce wata rana da hantsi tana noman gero da goyo a baya, sai labari ya iso cewa ɓarayin daji sun nufo garin. Aka yi ta ihu, kowa ya kama gudu. Ita tana duƙe, ba ta san ana yi ba. Sai da rana ta take ta miƙe, ta ga gonaki wayam, fartanya a yashe, takalmi wari ɗaya a kan hanya. Ta shigo gari ta tarar da ƙofofi a buɗe, tukunya na ƙonewa a murhu. Ta zauna a ɗakinta da jaririn har la'asar, ba ta san abin da ya cinye mutanen gari ba. Ɓarayin ba su zo ba. Da jama'a suka dawo, mijinta ya ce ya zaci tana tare da mata, matan suka ce sun zaci tana tare da shi.

Sauran matan da suka kewaye su kowace ta ɗaga hannu, wannan ita ma an taɓa barin ta a rijiya, waccan a daji wurin itace. Laraba ta nuna robar sabulun da ke gefe, ta tambaya da hannu, fuskarta ba alamar wasa:

"Wannan ne zai zo ya taɓa ni in an tashi gudu?"

Basira ba ta iya cin abincin ranar ba. Innarta take ta gani a ranta, a gonar bayan gari, ita kaɗai.

Da suka koma Sabon Birni ta rubuta shawara shafi biyu. A je kowane ƙauye, a zauna da mai gari, a ɗora wa maƙwabta biyu alhakin sanar da kowane kurma in an tashi gudu, a kuma tsayar da alama ɗaya, jan ƙyalle da za a kaɗa daga nesa. Ba gini, ba inji, zirga-zirga ce kawai. Malam ya karanta a tsaye, ya yaba ƙwarai, ya sa a aljihun tebur. Bayan mako biyu ta tambaya, ya ce yana sane. Da ta sake tambaya karo na uku, ya cire tabarau ya dube ta.

"Ɗiyata, mi kike so in yi? Takardar da munka sa ma hannu sabulu ta ce. In na kauce, baɗi ko sabulun ba mu samu."

"Malam, ko a rahoto a saka. Ni za ni rubuta."

Ya yarda. Ta rubuta labarin Laraba da kyau, ta kai masa. Da rahoton ya fito ta duba shafi-shafi, ba ta ga kome ba sai layi ɗaya da ke cewa mata ashirin sun amfana, da hoton da ita ta ɗauka na Malama Khairat a gaban allo. Ya ce fom ɗin ba shi da gurbin dogon bayani.

Ganin ta daina gaishe shi da fara'a, ya tura shawarar tata babban ofis. Amsa ta zo bayan wata guda. Sun ce tunani ne mai kyau, amma a fara aiko musu da adadin kurame na Sabon Birni da Isa, da sunayensu da lambobin wayarsu. Basira ta karanta wurin lambobin wayar sau biyu, ta yi dariyar da ba ta daɗi ba. Duk da haka ta ce za ta bi ƙauyukan ta tattaro. Sai aka nuna mata dokar ƙungiya: masu sanin makamar aiki ba sa fita ƙauye saboda halin tsaro. Ma'aikatan da ke da izinin fita kuwa ba wanda ya iya maganar hannu. A nan maganar ta tsaya.

Wata shida suka cika. Aka ba ta takardar yabo a ɗan taro, aka sha lemo. Gurbin aiki ɗaya da ya buɗe aka ba wani abokin horonta wanda ya fi ta saurin buga rahoto a kwamfuta.

Ta koma Tsamaye ta yi abin da ƙarfinta ya kai. Ta bi gida-gida, ta sami kurame goma sha ɗaya har da Innarta. Mai gari ya ba ta goyon baya. Wasu maƙwabtan suka karɓa hannu biyu, wasu suka ce mata gaskiya in gudu ya zo ba su yi alkawarin tuna kowa ba. Ƙauyen su Laraba ba ta taɓa samun zuwa ba, hanyar ba ta biyuwa. Ta aika saƙo ta bakin wata mai sayar da daddawa, har yau ba ta san ko ya isa ba.

Yanzu Basira na koyarwa a wata ƙaramar firamare a Sabon Birni. A watan jiya Malam Hafizullahi ya kira ta, ya ce an sami sabon tallafi, wannan karon haɗa man shafawa za a koya wa mata kurame, yana so ta zo ta taimaka. Ta ce za ta zo in za a ba ta rabin awa ita da su, ba hoto, ba mai katse ta. Suka yi ta ja-in-ja har ya ce minti goma, kafin abincin rana. Ta karɓa. Ta shirya abin da za ta faɗa musu kan maƙwabta da jan ƙyalle tun a hanya, ta tsaya a gabansu ta fara. Tana cikin minti na bakwai aka shigo da kulolin shinkafa.