Jakin da Ya Manta Hanyar Rijiya

Kakata Inna Dije ba ta taɓa yi mana tatsuniya hannunta sake ba. A ƙauyenmu na gefen Tsarnawa, idan ɗari ya shigo an gama kai amfanin gona gida, da an idar da isha'i sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta jawo kwandon waken da ba a ɓare ba ta dire a tsakiya. Duk mai son labari sai ya sa hannu. Mu jikoki mun so a ce kunne kaɗai ake kawowa, amma ina! Da ta ga hannun wani ya tsaya, ita ma sai bakinta ya tsaya.

"Rakiya ƙawata, hannunki ya mace ko?" in ji ta. "To tatsuniyag ga ma ta mace, sai kin tashe ta."

Haka take wuni. Tun asuba ƙarar tsintsiyarta ke tashinmu, ta ba awaki harawa, ta tafi rijiya da ɗan tulunta, ta dawo ta yi tankaɗe, da rana ta ɗauki mazari ta kama kaɗi. Kanta kuwa wasai. Ta san iyakar gonar kowa, ta san wanda aka haifa shekarar fari, kuma idan gardamar dangantaka ta tashi wurinta ake zuwa a warware.

Ina aji uku a lakwal, wato makarantar boko, Allah ya buɗa wa babana. Ya sayi babbar mota yana jigilar albasa daga Galmi. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "mai gidan ga". Wata rana ya dawo daga Konni ransa a ɓace, da sabuwar katifa da rediyo a bayan mota. Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, daga yau kin huta," ya ce. "Ana yi min dariya ga tasha, wai ina da mota uwata na shara. Abin kunya na."

Ƙauna ce ta sa shi, wannan ko yau zan rantse a kai. Aka karɓe tsintsiya, aka ba mahaifiyata awakin, aka ɓoye mazarin a rumbu. Kaka ba ta musa ba, don ba ta son ta kunyata ɗanta a idon jama'a. Ta zauna kan katifa, rediyo na ta surutu, ana kawo mata fura har gabanta.

Garin neman gira muka tashi rasa ido. Kafin ɗari ya zagayo, Kaka ta fara neman goron da ke ɗaure a bakin zanenta. Ta tambaye ni ko an ba awaki ruwa, in amsa, ta sake tambaya. Ranar da ta kira ni da sunan gwaggona da ta rasu tun ba a haife ni ba, na koma bayan rumbu na yi kuka. Manya kuwa cewa suke yi tsufa ne, a yi haƙuri.

Wani maraice muka taru a bakin wutarta, babu kwando, hannuwanmu a cinya. Ta ce, "Ga ta nan tahe da ƙahwahunta." Muka ce ta ƙaraso mu gan ta. Labarin wani manomi ne mai tsohon jaki, wanda shi kaɗai ya san hanyar wata rijiya a cikin daji. Kullum akan ɗora masa salkar ɗibar ruwa ya tafi ya dawo, gidan bai taɓa kwana da ƙishi ba. Da manomin ya yi arziki sai ya ce jakin nan ya gama wahala. Ya ɗaure shi a inuwa, dusa safe da yamma. Ana nan sai rijiyar gari ta ƙafe. Aka kwance jaki aka ce ya kai su rijiyar dajin, shi kuwa ya fito ƙofar gida ya tsaya, yana duban gabas da yamma.

Nan Kaka ma ta tsaya. Ta maimaita, "Yat tsaya bakin ƙohwa..." ta kuma maimaitawa. Muna jira, wuta na cin kara. Na ga yatsunta suna lalube a kan zanenta, ba abin da suka samu. Ƙanena ya ce, "Sannan sai mi, Kaka?" Ta dube shi, na ga tsoro ƙarara a idonta, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce mu je mu kwanta.

Da asuba ƙarar tsintsiya ta tashe ni. Na leƙa, ga Kaka a duƙe, tana shara tana haki, don jikin ya yi nauyi. Babana ya dawo daga masallaci ya tarar da ita. Ya miƙa hannu zai karɓa, ta mai da tsintsiyar bayanta.

"Inna, mi mutane za su ce?"

"Su ce abin da sunka ga dama," ta ce. "Mutanen tasha ba su ka kwana cikin kaina ba. Ka hutar da hannuna, kaina ya bi shi. Jiya tatsuniyad da niƙ ƙoshi da ita tun ina ɗiya ta ɓace min gaban jikokina. Gobe sunan wa za ya ɓace? Naka?"

Ya janye hannunsa. Ita kuwa ta ci gaba da shararta har bakin zaure.

Ba rana ɗaya abin ya dawo ba, kuma ta sha wuya. Zuwanta rijiya na farko sai da ta zauna a hanya, na ce ta ba ni tulun, ta harare ni. "Ke dai riƙe bakinki, ni in riƙe tuluna." Ta karɓe awakinta, ta sa aka fito da mazari, zaren na tsinkewa tana ɗaurawa. Katifar dai ta riƙe abinta, ta ce wannan kam ɗanta ya yi tunani.

Sai wajen ƙarshen ɗarin ta sa aka kawo kwandon wake. Ta aika a kira mai gidan ga, wai wutar ta fi ta zaure ɗumi. Ya zo ya zauna gefe, yana jin nauyi. Ta ɗauko labarin jakin daga farko, yatsunta na fasa ɓawo. Da ta iso ƙofar gida sai na riƙe numfashi, ita kuwa ta wuce ba ko gargada. Ashe wata tsohuwa ce ta fito ta ce wa manomin, "Kai, wa ka tambayar jaki hanya ba kaya bisa bayanai? Aza mishi salka." Da jakin ya ji nauyin da ya saba, sai ya kaɗa kunne ya kama hanya, gari duka na biye da shi, har bakin ruwa.

"Iyakarta ke nan," in ji Kaka, "mai kunne shi ɗauka." Babana ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya matso ya sa hannu a kwandon. Kaka ta ƙara shekaru masu dama bayan nan. Takan manta abu jefi-jefi, amma har ta koma ga Allah ba ta sake ɓata sunan ɗayanmu ba.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin labarin taurin kan Kaka. Sai da babana ya tsufa na gane ashe labarin nawa ne ni ma. Ya ajiye tuƙi, ƙannena suka gina masa ɗaki mai kyau a Konni, suka hana shi ko ɗaukar buta. Da na je duba shi na tarar yana kallon bango. Ya gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa, ya tambaye ni daga wane gari nake.

Ƙannena suka ce kada in wahalar da tsoho, mutane za su yi magana. Na ce su yi. Na tafi kasuwa na sayo waken da ba a ɓare ba, na dire kwandon a gabansa. Kullum da safe in kama hannunsa mu taka zuwa bakin titi mu dawo, ya zuba wa tumaki ruwa da kansa, da maraice mu zauna ɓara. Ban ce ya warke ba, tsufa ba ya komawa baya. Amma wani maraice ina ba shi labarin jakin, da na kai ƙofar gida sai na yi shiru da gangan, na kuma tsai da hannuna.

Ya ɗago kai, yatsunsa na ta aiki. "Aza mishi salka," ya ce. Sannan ya dubi hannuna. "Rakiya, hannunki ya mace ko?"