Mutumin da Aka Sauke Daga Soro Saboda Ni

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar Baba Ari magini, Allah ya jiƙansa. Ba mahaifina ba ne, maƙwabcinmu ne a unguwar Zango, amma duk Damagaram babu wanda nake kewa kamarsa idan bazara ta kama, lokacin gyaran rufi. Abin da ya tayar mini da rubutun nan kuwa, makon jiya aka zo sauya tol, wato kwanon rufi, na gidan da ke bayanmu. Ina zaune tsakar gida ina tsintar shinkafa, ko mayafi babu, sai na ɗaga kai na ga saurayi a sama ya zuba mini ido, har da cewa, "Hajiya, sannu da aiki." Na amsa, don gaisuwa ba laifi ba ce. Amma na ce a raina, da Baba Ari na nan da yaron nan bai kai azahar a sama ba.

A zamanin da na buɗe ido, ƙarshen mulkin Faransa, tol sai gidajen Nasara da ofisoshinsu. Mu rufin ƙasa muka sani: a jera azarar giginya, a shimfiɗa zana, a zuba laka a daddaɓe, a fitar da indararo. Masu aikin kashi biyu ne, 'yan sama da 'yan ƙasa, kuma suna da yarensu da suke jefa wa juna ta kan katanga. Curin lakar da ake wurgawa sama tuwo suke ce masa. Idan gara ta ci azara ba sa faɗi a gaban mai gida, kada hankalinsa ya tashi tun ba a duba sauran ba, sai su ce ta yi baƙi. Ɗakin da ke yoyo kuwa mura yake yi. Mu yara mun haddace su tsaf. Har yau idan rufina ya ɗiga nakan ce ɗakin na mura, jikoki su yi ta yi mini dariya.

Kalma mafi nauyi a bakinsu ita ce rana. Haka suke kiran tsakar gidan mutane, wai don ido ba ya kallonta. Wanda ya hau soro yana iya ganin gida huɗu ko biyar, da matan da ke kulle, da makewayin da ba shi da rufi. Saboda haka kafin a hau sai an aika wa maƙwabta, in kuma an hau wani ya ji motsin mata sai ya ce, "Rana a gabas," kowa ya ba gabas baya ya ci gaba da aikinsa. Wanda ya duba, sauke shi ake yi. Zai koma kwaɓa laka a ƙasa, ba zai sake taka tsani ba har sai mai gidan da aka leƙa ya zo da kansa, a gaban jama'a, ya riƙe masa tsanin. Dokar na da tsauri, amma ita ta sa mutane ke yarda magina su hau musu kai.

Wannan doka ce ta faɗa kan Baba Ari, kuma ni ce sanadi. Ina rarrafe lokacin, labarin a bakin Inna, mahaifiyata, na ji shi. An aiko cewa za a hau soron da ke jikinmu, ita ta ɗauka sai bayan azahar. Ta ɗora kaskon man ƙuli-ƙuli a murhu, ta bar ni ina barci a tabarma, ta zaga makewayi ta watsa ruwa. Baba Ari na sama, an ce rana, ya juya baya kamar kowa. Sai ya ji dariyar jariri da ƙarar kasko na gogar dutsen murhu. Ya waiwaya. Ga ni na farka na kama bakin itace ina ja, kasko ya karkato kaina. Bai nemi tsani ba, dirowa ya yi cikin gidanmu ya fizge ni, idon sawunsa ya karye. Man ya fallatsa mini a bayan hannun hagu kawai, tabon na nan ina kallonsa yanzu da nake rubutu.

Dattawan magina suka zauna. Suka sa masa albarka, suka ce ya yi abin da ɗan halak zai yi, sannan suka sauke shi. Bai yi musu ba. Kowa ya zaci Abba, mahaifina, zai riƙe tsani kafin ƙafar ta warke. Abba bafatake ne, yana kai fata Kano ya dawo da tufafi, kuma mutum ne mai jin kansa. Ya aika da rago, ya aika da riga, amma tsani shiru. Bakin gari ya riga ya fara cewa ai makewayin na ƙarƙashin inda maginin ya tsaya, wa ya san abin da ya gani. Abba ya ga fitowa ya riƙe tsani tamkar tuna wa unguwa zancen ne. Ina son mahaifina, amma a nan bai kyauta ba.

Haka na girma ina ganin Baba Ari yana ɗingishi cikin laka, yana jefa tuwo ga yaran da shi ya koya wa aiki. 'Yar Ƙuli yake kirana, kullum da dabino a aljihunsa saboda ni. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Sai dai na sha ganinsa ya ɗaga kai yana kallon yadda ake jera azara, bakinsa na motsi, sannan ya sunkuya ya ci gaba da kwaɓi. Da na yi wayo na gane abin da ke cinsa, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Shekarar da aka samu 'yancin kai gari ya cika da kiɗa da sabuwar tuta, kowane mai hali na maganar tol. A bazarar nan azarar ɗakin Inna ta yi baƙi, Abba ya ce tol za a sa. Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, ta ce, "Malam, ƙasa za a mayar wa ɗakin nan, kuma Ari ne zai hau. In ba za ka riƙe masa tsani ba, ni zan fita in riƙe." Abba ya dube ta ya ga da gaske take. Washegari ya fito da babbar rigarsa, ya naɗe hannuwanta a kafaɗa, ya kama tsani a gaban magina da 'yan kallo. Ya ce, "Ari, bisimilla, hau." Baba Ari ya wanke ƙafa, ya hau a hankali yana jan wadda ta karye. Ina ƙasa ina tsalle. Da wani ya ce, "Rana a yamma," shi ya riga kowa juya baya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Zango ta yau, da benaye masu tagogi suna leƙa gidajen talakawa, da samari a kan rufi da waya a hannu. Ba na jin zai zagi tol, don ya koyi aikinsa da tsufa, ya dai ce rufi ne mai surutu. Idon ne zai dame shi. Yawancin sorayen da ya rufe sun zube ko an rushe su, masu jin yarensa kuma mun ragu, mu ma muna kan hanya.

Abin da ya rage mini shi ne hirarmu a ciwonsa na ƙarshe. Ina da 'ya'ya manya lokacin, na ga ba sauran abin jin nauyi, sai na yi masa tambayar da unguwa ta daɗe tana son yi. Na ce, "Baba, ranar nan da ka waiwaya, me ka gani?"

Ya kama hannuna na hagu, ya shafa tabon da babban yatsa. Ya ce, "Ke na gani, 'Yar Ƙuli. Ke da kasko."

Na ce, "Shi ke nan?"

Ya ce, "Shi ke nan. Sauran duk rana ce."